Kafin a Yanka Mana Filaye a Cikin Rami



A hutun da ya wuce na je gida, ƙauyenmu da ke cikin ƙaramar hukumar Bande, ba nisa da kwaltar da ta taso daga Damagaram ta nufi Magarya. Wata rana da dare muna fada ana dafa shayi, sai wani dillalin filaye ya tsaya da babur ɗinsa. Aka gaisa, aka miƙa masa kofi. Hira ta yi hira har ta kai kan ramin da ke yamma da gari, wanda kowa ke kira kariyer, inda shekara da shekaru ake ɗibar marmara da jar ƙasa. Ya ce, yana murmushi: "Ku dai samari ku fara tara kuɗi. Da zarar an gama ɗiba, za a cike wurin nan a yanka filaye, kuma da arha za a sayar." Wallahi rabin fadar murna suka yi. Wani abokina da ke shirin aure har tambaya ya yi ko za a karɓi biya kaɗan-kaɗan.

Ni kam shayin nan bai wuce mini ba. A cikin ramin nan aka tsamo gawar ɗan gwaggona, yaro ɗan shekara bakwai, a daminar shekarar da na yi jarrabawar birbe. Ya bi awaki ne, ƙafarsa ta zame a gaɓa, gaɓar kuwa a tsaye take kamar bango, ba wurin da ɗan ƙaramin hannu zai kama. A zaman makoki kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, babu mai wuce ranarsa. Amma gaɓar da ya faɗa ba daga sama ta sauko ba. Diga da katafila ne suka sare ta haka, kuma mutane ne suka tafi suka bar ta haka. Yau ga shi ana gaya mini a cikin wannan ramin za a sayar wa abokina wurin da zai ajiye amarya.

Abin da nake son faɗa a wannan takarda guda ɗaya ne. Ramin da ake haƙa yau, ko mun so ko mun ƙi, gobe yana cikin gari. Don haka tun yanzu da kamyo ke shiga yana fita ya kamata a zauna a rubuta abin da wurin zai zama, a haƙa shi daidai da abin da aka rubuta. Duk wanda ya ce a bari sai an gama, ko dai bai yi tunani ba, ko kuwa akwai abin da yake jiran ya ci.

Ga masu cewa a rufe

Bari in fara da namu, ƴan boko. Na sha jin wasu kamarad a makaranta, musamman waɗanda suka halarci taron ƙara wa juna sani kan muhalli, suna cewa maganin abin shi ne a hana haƙa gaba ɗaya. Mai faɗar haka a ɗakin tubali yake kwana, kuma bai taɓa tambayar inda aka samo ƙasar tubalin ba. Kwaltar da yake bi zuwa Damagaram a kan marmara aka shimfiɗa ta, marmarar nan kuwa daga ramuka irin namu ta fito. Masallaci, rumbu, ajin lakkwal, katangar gidan kowa, duk akwai ramin da suka bari a wani wuri.

Sa'an nan ku je bakin ramin nan da rani ku ƙirga masu cin abinci a ciki. Akwai masu diga da masu lodi, akwai masu amalanke, akwai masu buga tubali, akwai mata masu kai fura da ɗanwake, akwai yara masu ɗebo ruwan kwaɓa. Da yawa daga cikin samarin nan, in ba don wannan aikin ba, da tuni sun ƙetara Kano ko sun kama hanyar Agadas. A Damagaram ma haka ne: garin a kan dutse yake zaune, kuma a gefensa akwai maza da mata da ke wuni suna fasa dutse da guduma su tara tsakuwa su sayar. Wanda ya ce a rufe bai kawo musu wata sana'a ba, yunwa kawai ya kawo musu. Ni ba na cikin masu cewa a rufe. A ci gaba da haƙa, amma a haƙa da ido biyu.

Ga masu cewa a cike a sayar

Yanzu ga dillali da iyayen gidansa. Mu yi lissafi irin na ƴan firamare. A ce rami ya kai eka ɗaya ta zamani, wato mita 100 sau mita 100, zurfinsa mita 3. Ƙasar da aka kwashe ta kama mita kubik 30,000. In kamyo ɗaya yana ɗaukar mita kubik 10, sahu 3,000 ke nan aka fita da su. To, mai cewa zai cike, sai ya dawo da sahu 3,000. Daga ina? Daga wani sabon rami. Wa zai biya man kamyo sahu 3,000 sa'an nan ya sayar da fili da arha? Babu shi. Mun san abin da ake nufi da cikewa a ƙasar nan: a bar mutane su yi ta zuba shara, leda da toka da kashin awaki da ɓaraguzan gini, shekara biyar ko goma, sa'an nan a watsa yashi a kai, a kafa turaku, a ce ga farsel.

Duk maginin kirki zai gaya muku abin da ke biyo baya. Cikon da injiniyoyi suka yarda a yi gini a kansa, ana zuba shi ne hawa-hawa, kowane hawa bai wuce taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi ba, a yayyafa ruwa, a daddanne da injin daɓe kafin a ƙara wani. Cikon shara kuwa ruɓewa yake yi yana zama a hankali, wani gefen ya fi wani saurin nitsewa. Shekara biyu bango ya tsage daga kan ƙofa. Shekara huɗu ƙofar ta ƙi rufuwa. Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ɗakin ya kwanta a kan masu barci.

Ruwa kuma ba ya karanta takardar fili. A ce an yi ruwan milimita 600 a damina, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar Magarya. A kan eka ɗaya tak, mita kubik 6,000 ne na ruwa, ban da wanda ke gangarowa daga gonaki da lungunan gari, wanda ya ninka wannan. Shekarun nan duk ramin ne yake shanye shi. In ka cike ramin, ruwan ba zai fasa zuwa ba. Ko dai ya kwanta a tsakar gidan sabon ango, ko ya juya ya shiga tsohon gari inda bai saba shiga ba. Ƙari a kan haka, mu ƴan kwarin Korama ne, ruwan ƙasa kusa yake da mu, shi ya sa muke da rake da garake. Wanda ya gina gida a ƙasan rami ya haƙa masai, kai tsaye ya haɗa masansa da ruwan rijiyar maƙwabta. Daga nan sai a yi ta jigilar yara zuwa likita da gudawa, ana cewa iska ce.

Ba a manta daminar 2024 ba. Ɗaruruwan mutane suka rasu a Nijar, fiye da miliyan ɗaya suka shiga halin ni-ƴasu, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, mu kanmu muka zauna gida. A farkon Satumba na shekarar tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe. In ginin da magabata suka zaɓar wa wuri, ake yi masa yaɓe ana kula da shi, bai tsira ba, ina ga ɗakin talaka da aka dasa a kan leda a gindin rami?

Wasu sun riga mu shiga

Ba hasashe nake yi ba. A Yamai, kusa da filin jirgin sama, akwai unguwar da ake kira Pays-Bas, wato ƙasa mai kwari. Sunan ma ya faɗi komai. Tsohuwar mahaƙar yumɓu ce. Aka gama ɗiba aka tafi, talakawan da ba su da kuɗin fili a tudu suka gangara suka gina. Mutane ne suka fara zuwa, hukuma ta biyo baya tana ɗingishi. Ranar 13 ga Afrilu 2021 wuta ta kama azuzuwan zana na makarantar unguwar, yara aƙalla 20 suka ƙone, yawancinsu ƴan ƙanana. Ban ce rami ne ya kunna wutar ba, azuzuwan zana suna ko'ina a ƙasar nan, a watan Nuwamba na shekarar ma irin haka ta faru a Maraɗi. Abin da nake cewa shi ne, unguwar da ta tsiro ba tare da shiri ba, komai nata a makare yake zuwa, kuma na wucin gadi: makaranta, hanya, magudanar ruwa, famfo. Mazauna Pays-Bas ba su yi laifin komai ba, wurin kwana suka nema. Laifin yana kan waɗanda suka ga rami yana girma a bakin babban birni shekara da shekaru, ba wanda ya ɗauki biro ya rubuta abin da za a yi da shi.

Ku ƙetara Kano, inda da yawanmu muke da dangi. Tsohon birnin cike yake da kududdufai, ramukan da aka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa. Ɗaruruwan shekaru su ne ke karɓar ruwan sama na unguwanni. Da fili ya yi tsada sai aka bi da yawansu ana cikewa da shara ana gini. Tambayi duk wani dattijon cikin birni ya gaya maka inda ruwan ke zuwa yanzu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kada kuma wani ya ce Bande ƙauye ce, ba Yamai ba ce, ba Kano ba ce. Ƙidayar 2012 ta samu mutum 114,242 a ƙaramar hukumar Bande, da mutum 577,743 a gundumar Magarya, bayan an cire Dungas da aka ba ta tata gundumar a 2011. Ƙidayar ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara. In aka tafi a haka, cikin shekara 18 ko kusa da haka jama'a sun ninka. Yankinmu yana cikin wuraren da suka fi cunkoso a ƙasar nan, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke raba ta. Ramin da yake bayan gari lokacin da muna firamare, yanzu daga gidan ƙarshe ana jin muryar masu lodi. Kafin ƙannenmu su yi aure ya zama tsakiyar gari.

Ga masu cewa a bari sai an gama

Waɗannan su suka fi yawa, kuma su suka fi ba ni tsoro, don ba mugunta gare su ba. Dattijo zai ce maka: "Yaro, ana cikin ɗiba kake zancen bayan ɗiba? Allah ya kai mu." Amin, Baba, Allah ya kai mu. Amma ku kuka koya mana cewa tun ran gini tun ran zane. Ranar da kamyo na ƙarshe ya fita, komai ya riga ya wuce. Katafila ta tafi, kuma ba mai kuɗin hayo ta don gyara kawai. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya koma wata jaha. Baƙar ƙasar sama, wadda ita ce ke da rai, an haɗa ta da marmara an sayar. Gaɓa ta tsaya a tsaye. Abin da ya rage wa gari shi ne sauro da tsargiya da makoki.

Alhali lokacin da ake cikin aiki, gyaran kusan kyauta ne. Katafilar da ke wurin, in aka ce ta ture ƙasar sama gefe ta tara kafin ta fara haƙa, aikin yini ɗaya ne. In aka ce gaɓar ta zama mai gangare, kowane mita ɗaya na zurfi a ba shi mita uku na kwance, yadda yaro ko akuya za su iya hawowa, ba wani sabon inji ake bukata ba. In aka ce a gama da ɓangare ɗaya a gyara shi kafin a buɗe na gaba, tsari ne kawai. Duk wannan sai an faɗa tun farko, an rubuta, an sa hannu.

An yi haka a wasu wurare. A Kenya, kusa da Mombasa, kamfanin siminti na Bamburi ya bar faffaɗan fili na farin dutse tsirara inda ya gama ɗiba. A 1971 wani masanin noma ɗan Suwizalan, René Haller, ya fara gyaran wurin alhali kamfanin na ci gaba da aikinsa a gefe. Ya gwada itatuwa iri-iri har ya samu masu jure wurin, ya saki ƙadandoniya ta riƙa cin ganyen da ke zuba tana mai da shi taki, aka yi tabkunan kifi. Yau wurin daji ne da ake kira Haller Park, ƴan makaranta na zuwa kallo. A Faransa ma, lambun Buttes-Chaumont na birnin Paris da aka buɗe a 1867 tsohuwar mahaƙa ce. Su ma sai da suka sha wuya suka koya: gidaje da tituna sun riƙa ruftawa cikin tsofaffin ramukan ƙarƙashin birnin, har a 1777 aka kafa hukuma ta musamman mai sa ido a kansu. Ban kawo waɗannan don mu yi gidan namun daji a Bande ba. Darasin shi ne, inda aka ci riba, ƙasan ramin an bar wa ruwa da itace, kuma an fara tunani da wuri.

Doka tana nan, barci take yi

Wani zai ce ai babu dokar da ta tilasta wannan. Akwai. Dokar muhalli ta 29 ga Disamba 1998 ta ɗora wa mai izinin haƙa nauyin gyara wurin da ya haƙa. Dokar ma'adinai, tun ta 1993 har zuwa sabuwar ta 2022, ba ta yarda a buɗe kariyer ba tare da izini ba. Dokar 2018 ta ce a binciki illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda muke kira Kofo, tun daga gunduma har ƙauye, don a rubuta wa ke da wace ƙasa, da wane sharaɗi aka ba da ita. Kuma akwai harajin ɗiba da ake karɓa a kan abin da aka fitar daga kariyer.

To ina takardar ramin garinku? Wa ya gan ta? A namu ƙauyen, abin da na sani shi ne magana ce ta baki tsakanin mai gona da masu ɗiba, aka ba shi ƴan kuɗi, ya yi murna don shekarar ba a samu hatsi ba. Ba a faɗi zurfi ba, ba a faɗi iyaka ba, ba a faɗi wanda zai mallaki wurin bayan an gama ba. Yau ramin ya ci gefen gonar maƙwabcinsa, ƴaƴansu ba sa ga maciji. Irin wannan duhun shi dillali ke so. Ƙasar da ba ta da takarda, wanda ya fi kusa da mai hatimi shi ke wayar gari da ita.

Abin da muke nema

Ba dogon abu ba ne, shafi biyu ya isa. Ga kowane rami da ake ɗiba a cikinsa a ƙasar Bande, muna so a zauna da mai gari da mai gona da masu aikin ramin da Kofo da wakilin meri, mata ma a ba su wurin zama don su ke ɗibar ruwa su ke jinyar yara, a rubuta waɗannan:

Na ɗaya, iyakar ramin da zurfinsa, a kafa alama kowa ya gani, kuma a bar tazara tsakaninsa da hanya da gidaje da maƙabarta.

Na biyu, a tara ƙasar sama gefe, a haramta sayar da ita. A yi ɗiba ɓangare-ɓangare, kowane ɓangare a kwantar da gaɓarsa a mayar masa da ƙasarsa kafin a wuce gaba.

Na uku, ƙasan ramin na ruwa ne, kuma na jama'a ne. A rubuta shi da sunan gari tun yanzu, yadda ba mai iya sayar da shi. A zurfafa gefe ɗaya da gangan ya zama tabki, don rana da iskar ƙasarmu suna shanye ruwa mai kaurin mita biyu ko fiye a shekara, tabki marar zurfi kafin tsakiyar rani ya ƙafe. A kewaye shi da shinge, a yi mashaya ta dabbobi daban, a zuba tarwaɗa da karfasa kamar yadda ake yi a wasu tabkunan jahar nan. Gangaren a raba wa mata da samari su yi garka, a dasa zogale da dabino da gawo.

Na huɗu, gidaje a tudu, a kan ƙasar da ba a taɓa ba, ko inda aka yi ciko na gaskiya wanda masani ya duba ya sa hannu. Kafin a yanka fili ko ɗaya, a fitar da hanyar ruwa zuwa tabki, a ware wurin makaranta da filin ƙwallo da masallaci. A fara ba masu aikin ramin da samarin garin damar saye, kafin mai kuɗin birni ya kwashe layi guda ya ajiye yana jiran tsada.

Na biyar, a kowane sahu da ya fita a cire wani abu a ajiye don gyara, a liƙa lissafin a ƙofar meri da ƙofar mai gari kowane wata. A lissafinmu na ɗazu sahu 3,000 ne. Ko jikka ɗaya aka cire a sahu, miliyan uku ke nan na sefa. Ba zai gina birni ba, amma zai yi shinge, ya sayi irin itace, ya biya man katafila na kwanakin gyara.

Na shida, a shigar da wannan cikin tsarin raya ƙaramar hukuma, yadda ko zaɓaɓɓen magajin gari ne a kujera ko wanda gwamnati ta naɗa, takardar za ta riga shi zuwa kuma ta bi bayansa.

Na san abin da za a ce: mutanenmu ba su yi karatu ba, ba za su iya irin wannan tsari ba. Wannan raini ne, kuma ƙarya ce. Su wa suka mayar da gawo cikin gonakin Magarya da Matamaye da Mirya bayan farin shekarun 1970 da 1980? Manoman nan ne da ba su san biro ba. Da sassaben zamani, suna barin tsiro suna yi masa aski suna tsare shi, suka rayar da miliyoyin itatuwa, har masana daga ƙasashen waje suka riƙa zuwa suna ɗaukar hoto. Mutumin da ya iya barin tsiron gawo yau don inuwar da jikansa zai sha, ba sai an koya masa tunanin shekara ashirin ba. Abin da ya rasa shi ne wanda zai karanta masa doka da harshensa, ya auna masa rami, ya rubuta masa abin da ya yanke.

Laifinmu

A nan ne zancen ya dawo kanmu. Muna da ɗalibai a Jami'ar Andre Salifu ta Damagaram da ke karanta labarin ƙasa da tsara birane da ilimin duwatsu. Muna da ƴan lise da suka iya lissafin faɗi da zurfi. Muna rubuta dogon bincike da Faransanci, malami ya ba da maki, a ajiye a kabad ƙura ta ci. In mun zo hutu sai shayi da karta da gardamar ƙwallon Turai. Mun san sunan mai tsaron gidan kowace ƙungiya a Sifen, amma ba mu san zurfin ramin da ya ci ƙanenmu ba. Ni ma ina ciki. Shekara nawa da rasuwar yaron nan, sai a hutun nan na fara zuwa da igiya na auna gaɓar. Ta fi mita uku.

Ga abin da nake roƙon duk wanda wannan ɗan littafi ya shiga hannunsa. A hutu mai zuwa, ku haɗu ku uku ko huɗu. Ku nemi igiya mai mita da littafin rubutu. Ku auna ramin garinku, ku zana shi, ku nuna ta inda ruwa ke shiga. Ku zauna yini biyu a bakinsa ku ƙirga kamyo da amalanke. Ku tambayi masu diga abin da suke samu da abin da suke so wurin ya zama, don sun fi kowa sanin inda ƙasa ke da ƙarfi da inda take da ruwa. Ku tambayi tsofaffi mata yara nawa ramin ya ci. Sa'an nan ku sa riga ta mutunci, ku je gaban mai gari ku durƙusa ku gaishe shi, ku ce: "Ranka ya daɗe, ga abin da muka gani, ga abin da doka ta ce." Ku kai kofi ɗaya meri, ku nemi a buga muku hatimin karɓa. Ba zagi, ba jifa, ba ƙona taya. Takarda mai lamba da zane ta fi ihu wuyar turewa. In an kore ku, ku koma. In an ce ku yara ne, ku ce gaskiya ne, shi ya sa mu za mu zauna a wurin.

Abokina mai shirin aure ya ji haushina a daren nan. Ya ce ni ɗan boko ne mai hana ruwa gudu, shi fili yake so ko a ina ne, don ya gaji da kwana a zauren babansa. Ban ga laifinsa ba. Matsalarsa ta gaske ce, kuma in ba a fitar masa da fili a tudu ba, wallahi zai saya a rami, kamar yadda mutanen Pays-Bas suka yi. Shi ya sa ba zan tsaya a kan "kada ka saya" ba. Ina so ya samu fili mai takarda a bakin tabki mai shinge, matarsa ta samu ɗan wurin zogale a gangare, ɗansa ya bi awaki ya dawo gida.

Kamyo na nan na shiga yana fita, katafila ba ta tafi ba tukuna. Mu yi magana yanzu.

Allah ya ji ƙan waɗanda ramuka suka ci, ya ba mu ikon gyarawa. Wassalam.